Amsoshin Tambayoyinku: Ɓeran Masar ɗin 'yata ya fito da ƙullutu, shin daji ne?

TAMBAYA: Ni mazaunin Rogo ne. 'Yata tana kiwon ɓeran Masar guda uku, tana ji da su ƙwarai. Babbansu, namiji, ya kai shekara 4, sai ga ƙullutu ya fito masa a ƙasan ciki, daf da nono. Da farko bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yanzu ya kusa goro. Wani maƙwabcina ya ce in tsaga da reza in matse, wani kuma ya ce in fasa kafson Ampiclox in zuba masa a ruwan sha. Yarinyar kullum cikin kuka take, wai daji ne. Shin daji ne? Kuma ina zan kai shi?

AMSA: Malam, Allah Ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka taɓa shi, domin duka shawarwarin biyu suna iya kashe dabbar tun kafin ƙullutun ya yi mata komai.

Mu fara da Ampiclox. Ɓeran Masar, wanda asalinsa daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ne, ciyawa yake ci, kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa su ne ke narka masa ita. Magungunan dangin fenisilin, irin su Ampiclox da amoksisilin, suna kashe waɗannan ƙwayoyi, sai miyagun su samu fili su yaɗu su saki guba. Dabbar ta daina ci, zawo ya kama ta, cikin 'yan kwanaki a wayi gari ta mutu. Maganin da ke yi wa akuya ko kaza aiki, a wurin ɓeran Masar yana iya zama ajali. Saboda haka kada a ba shi komai daga kyamis, ko na mutane ko na kaji, sai abin da likitan dabbobi ya rubuta.

Reza da sakiya su ma a ajiye su. Jinin da ke jikin dabbar da nauyinta yake wajen kilo ɗaya kaɗan ne, ɗan abin da zai zuba ya isa ya galabaitar da ita. Idan kuma ƙari ne, tsagawa ba za ta fitar da komai ba, sai dai ta bar gyambon da ƙuda zai bi.

To, daji ne? Ba wanda zai iya faɗa da ido kawai, har likita. Amma ka kwantar wa yarinya da hankali, ba kowane ƙullutu ne daji ba. Akwai abubuwa huɗu da aka fi gani a jikin wannan dabba.

Na farko ƙurji ne mai mugunya, wanda ya fi fitowa a wuya ko ƙarƙashin haɓa, inda kaluluwa take. Yakan samo asali ne idan ƙaiƙayi ko tsinken ciyawa ya soki cikin baki, ƙwayar cuta ta shiga. Mugunyarsa kauri gare ta, ba ta zubowa da matsa, dole likita ya buɗe ya wanke, ko ya cire jakar gaba ɗaya. Na biyu ƙari ne na tushen gashi, da ya fi fitowa a gadon baya wajen ƙugu. Ba ya yaɗuwa, idan an cire shi an gama. Na uku tarin kitse ne a ƙarƙashin fata, mai laushi, yana motsi idan an taɓa. Na huɗu shi ne ƙarin nono, kuma a nan hankalina ya fi karkata saboda wurin da ka kwatanta.

Kada ka ce ai namiji ne. Ɓeran Masar, mace da namiji, nono biyu gare su a ƙasan ciki, kuma namijinsu yana kamuwa da ƙarin nono sosai, saɓanin yawancin dabbobin gida. Abin ya fi faruwa bayan shekara 3, ga shi naku yana da 4, su kuwa sukan rayu shekara 5 zuwa 7. Wani ƙarin nonon lafiyayye ne, wani kuma daji ne da ke iya kaiwa ga huhu. Duka biyun maganinsu ɗaya: a cire tun yana ƙarami. Girman da ya yi daga gyaɗa zuwa goro shi ne ke nuna bai kamata a ƙara jira ba.

Kafin ku tafi, ka zauna da yarinyar ku duba shi a tsanake. Ta riƙe shi a ƙirjinta, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙafafunsa na baya, kai kuma ka taɓa wurin da yatsa biyu a hankali. Tauri gare shi ko laushi? Yana motsi ko ya manne da nama? Da zafi? Dabbar tana ƙara idan an taɓa? Akwai jini ko ruwa a kan nonon? Ka ɗora rula a gefensa ka ɗauki hoto da waya, ka rubuta ranar da aka fara ganinsa. Idan da sikeli a kusa, ka auna shi. Babban namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200, raguwar nauyi kuwa takan riga sauran alamu bayyana. A raba shi da sauran biyun idan wurin yana tsatsar ruwa, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Game da inda za a kai shi, ka fara da ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarku, ko a Rogo ko a Karaye. Galibin aikinsu a kan shanu, awaki da kaji yake, don haka ka tambaya kai tsaye ko ya saba duba zomo da ɓeran Masar, ka kuma tuna masa maganar fenisilin cikin ladabi. Idan aiki ya kama, wurin da zan fi ba ka shawara shi ne Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tunda Rogo tana maƙwabtaka da Jihar Kaduna. A can za a iya zuƙo ɗan abin da ke cikin ƙullutun da siririyar allura a duba a madubin likita, a san ko mugunya ce, ko kitse, ko ƙari. Ka tambayi kuɗin gwaji da na aiki tun farko, don ka san shirin da za ka yi.

Ku yi sammako, saboda zafi yana kayar da wannan dabba da sauri. A sa shi a kwali mai huji, a shimfiɗa masa harawa, a ajiye ɗan ganye a ciki, kada a sa shi a but ɗin mota. Kada kuma a hana shi abinci tun dare don za a yi aiki. Ba ya amai, hanjinsa kuma ba ya son zama babu komai. Duk ranar da ya wuni bai ci ba, ko kashinsa ya tsaya, ko numfashi ya yi masa wuya, to ranar za a tafi.

A gida, abinci shi ne babban taimakon da za ku yi masa. Jikinsa ba ya haɗa sinadarin bitamin C, sai ya samu a abinci kullum, rashinsa kuwa yana hana ciwo warkewa. Tattasai, ɗan kabeji da yankin gwaiba duk suna da shi, ga lambunan rani na yankin madatsar ruwan Challawa ba su da nisa da ku. A wanke ganyen sosai saboda maganin feshi, a bar masa ciyawa da ruwa mai tsabta dare da rana.

Yana yiwuwa likita ya ce abin ya yi nisa, ko jikin dabbar ba zai ɗauki aiki ba. Idan haka ta faru, akwai maganin rage raɗaɗi da zai rubuta, zai kuma faɗa muku lokacin da barin ta da rai ya zama azabtarwa. Ka gaya wa yarinya gaskiya daidai hankalinta. Tausayin da take nunawa tarbiyya ce mai kyau, addininmu ma ya horar da mu a kan haƙƙin dabbar da muka tsare a hannunmu.

Malam, kada makon nan ya wuce ba ka kai shi an duba ba. Allah Ya ba shi lafiya, Ya kuma yi wa yarinyar albarka.