Tafintan kwamfuta da mangazarsa

Kun taɓa ganin tafinta? Baƙo ya zo gari, ba ya jin Hausa, sarki kuma ba ya jin harshen baƙo. Sai a kira tafinta ya tsaya tsakani. Baƙo ya faɗi magana, tafinta ya juya ta.

Kwamfuta, wadda muke kira ordinatar, ita ma tana da tafinta. Ba mutum ba ne, shiri ne da aka rubuta aka sa a cikinta. Mutum yana rubuta umarni da harshen da aka ƙago domin wannan aiki, tafinta ya karanta, ya sa na'ura ta aikata. Irin waɗannan harsuna suna da yawa. Yau za mu ɗauki guda, sunansa Python. Wani mutumin ƙasar Holand, Guido van Rossum, shi ya fito da shi a shekara ta 1991.

In muka rubuta

awaki = 7

ina tafinta yake ajiye wannan 7, kuma yaya yake gane ta in ya komo?

Mu fara da wurin ajiya. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta san 7 ba, ba ta san baƙi ko wasali ba. Abu biyu kaɗai ta sani: a kunne, a kashe. Muna rubuta su 1 da 0. Ku jera tocila 8 bisa tebur. Ta dama darajarta 1, ta kusa da ita 2, sai 4, 8, 16, 32, 64, ta ƙarshe 128. Ku kunna ta 64 da ta 1, ku bar sauran a kashe: 01000001. Kun rubuta 65 ke nan. Tocila guda ita ake kira bit, jerin 8 kuma bayit, da Faransanci okte. Bayit guda yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Ƙwaƙwalwa dogon jeri ce na bayit, kowane da lambar wurinsa, kamar rumfunan kasuwa.

To, ga inda wuya take. Tun 1963 aka yi wani tsari a Amurka, ASCII, wanda ya ba kowane harafi lamba. Babban A lambarsa 65. Ashe 01000001 yana iya zama lamba 65, yana iya zama harafi A. Tocilolin ba za su gaya muku ba. (Namu ƙ, a tsarin Unicode da ya zo daga baya, lambarsa 409. Ta wuce 255, saboda haka bayit guda ba ya isarsa.)

Ku tuna da mangaza bayan kaka. Buhuna ɗari an ɗinke bakinsu, duka kamarsu ɗaya. Wanne ne hatsi, wanne ne dawa, wanne ne wake? Mai mangaza mai hankali yakan rubuta bisa kowane buhu. Haka tafintan Python yake yi. Ba ya ajiye 7 tsirara. Yana sa ta cikin buhu, ya rubuta a jikinsa: wannan lamba ce.

Shi ya sa in kuka ba shi 7 + 7 sai ya ce 14. In kuka sa su cikin alamar zance, "7" + "7", sai ya ce "77", domin rubutun buhu ya ce haruffa ne, haruffa kuwa jera su ake yi. In kuka gama lamba 7 da harafi "7", sai ya tsaya cik, ya ce an yi kuskure. Wannan tsayawa alheri ce. Gara ya ƙi aiki da ya ba ku lissafin ƙarya.

Buhun yana cin wuri. A kwamfutocin yanzu, tafintan Python da aka fi aiki da shi yana kashe bayit 28 domin ajiye 7 kaɗai. Bayit 8 na faɗin irin abin da ke ciki, 8 na faɗin tsawon lambar da ko tana ƙasa da sifiri, 8 na wani ƙirge da za mu gani, 4 kacal na lambar kanta. Ɓarna ce? In lamba ta wuce miliyar 1 da ƴan kai, tafinta yana ɗinka mata buhun da ya fi girma da bayit 4, haka har iyakar wurin da ke akwai. Wasu harsuna ba sa yin haka, mudunsu ba ya ƙaruwa. Ran 4 ga watan Yuni 1996 aka harba kumbon Ariane 5 na Turai daga Kourou, a Giyana ta Faransa. Shirinsa, wanda ba da Python aka rubuta ba, ya so ya zuba wata babbar lamba cikin wuri mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32767. Lamba ba ta shiga ba. Kumbo ya kauce hanya, ya tarwatse bai cika minti guda a sama ba.

Yanzu sai suna. Yara da yawa suna tsammani sunan "awaki" akwati ne da aka zuba 7 a ciki. A Python ba haka ba ne. Suna igiya ce. Bakinta guda yana hannunku, ɗayan yana ɗaure a wuyan buhu. Abin da suna yake riƙe da shi lambar wurin buhu ce kawai. Kuma ana iya ɗaura igiya biyu ga buhu guda. Ku duba da kyau:

mangaza = ["hatsi", "dawa"]
kanti = mangaza
kanti += ["wake"]

Layi na farko ya ɗinka buhu mai jerin abu 2. Layi na biyu bai ɗinka sabon buhu ba, igiya ta biyu ya ɗaura. Layi na uku ya bi igiyar kanti ya ƙara wake. Yanzu ku tambayi tafinta abin da ke cikin mangaza. Zai ce hatsi, dawa, wake. Kun taɓa kanti, mangaza ta sake, domin buhun guda ne! Manyan masu rubuta shiri ma suna faɗawa wannan rami. Mutum ya ce ya kwafi lissafin kayansa, ya yi ta goge-goge cikin kwafin, ashe na asalin yake ɓatawa.

Da lamba abin dabam ne. Buhun lamba ba a kwance shi. In a da b suna ɗaure ga 7, kuka ƙara 1 ga b, tafinta yana kwance igiyar b ya kai ta ga buhun 8. Ita a tana nan ga 7.

Saura ƙirgen nan na bayit 8. Igiyoyi yake ƙirgawa. Buhun hatsi da dawa yana da igiya 2. In aka kwance kanti, saura 1. In aka kwance mangaza, saura 0. Ba mai iya kai wa ga buhun kuma, sai tafinta ya zazzage shi, ya ba wani wurin.

Aiki

1. Ku zana tocila 8 bisa allo. Waɗanne za ku kunna domin rubuta 7? Domin 66 fa? Wane harafi ne 66?
2. Me tafinta zai ce in aka ba shi "2" + "5"?
3. Ku kawo jaka guda da igiya 2. Ɗalibi guda ya zama mangaza, guda ya zama kanti, na uku tafinta. Ku yi layukan nan 3 a gaban aji, sannan ku kwance igiyoyin ɗaya ɗaya kuna ƙirge.