Amsoshin Tambayoyinku: Sirdin keke da ciwon matsematsi

Tambaya: Ni manomi ne a Ajingi, kuma nakan hau keke in bi ta Gaya zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, wani lokaci har Kano. Duk sanda na dawo sai matsematsina ya gurje, wata sa'a har maruru ya fito. Na naɗa wa sirdin soso da tsumma amma abin sai ƙaruwa. Mene ne mafita?

Amsa: Fara da cire soson nan. Mazaunin mutum yana da ƙasusuwa biyu waɗanda su ya kamata su ɗauki nauyinsa. Idan sirdi ya cika laushi sai su nutse, nauyin ya koma kan tsokar tsakiya mai saurin jin ciwo. Ga shi soso yana shan gumi ya riƙe. Fata kuwa in ta jiƙe tana gogar tufa tun daga Gaya har Kano, tafiyar da ta haura kilomita 60, dole ta saɓule, ƙwayoyin cuta su shiga ta ramin gashi. Mafarin marurun ke nan.

Sai tsayin sirdi, wanda a ganina shi ne babban mai laifi. Da yawa ana hawan keke yadda aka sayo shi, ko yadda ƙane ya bar shi. Hau ka ɗora dundunniyarka a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In kana rangaji dama da hagu kafin ka kai feda, sirdin ya yi sama, kuma kowane juyi gurza ne. Ka sa mai gyaran keke ya sauke shi, ya daidaita bakinsa kada ya ɗaga sama. In akwai buhu a kan kariya ma, kada ya turo ka gaba.

Wando mai kaurin ɗinki a tsakiya ba na doguwar tafiya ba ne. Nemi mai santsi wanda ya kama jiki. Kafin ka tashi, shafa man kaɗe ko basilin a inda ke gogayya. A hanya ka riƙa miƙewa kan feda jifa-jifa, musamman a gargada da hanyar burji. Da zafin Afrilu kuma a yi sammako.

Da ka sauka, wanke wurin da sabulu, ka tsane shi, ka sauya wando. Kada ka wuni a kasuwa da jiƙaƙƙen.

In marurun ya riga ya fito, jingine keken kwana biyu, ka riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ban da matsawa. Idan ya kumbura da zazzaɓi, ko kana da ciwon suga, kada ka tsaya jira, nufi Babban Asibitin Gaya. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa a yi kasuwa.