Kafin Ka Sa Hannu A Takardar Tseren Jeji

Akwai wani irin tsere da ya bazu a duniya cikin shekaru talatin da ɗoriya da suka shige, wanda a cikinsa ake miƙa wa ayarin mutum huɗu taswira da kamfas, a ce su kai kansu wani wuri mai nisan kilomita 500 ko fiye, wani zangon a ƙafa, wani a bisa keke, wani a cikin kwale-kwale, wani kuwa a rataye da igiya a jikin dutse, alhali agogo ba ya tsayawa dare da rana har su iso ko su gaza. Ni likita ne, kuma a 'yan shekarun nan galibin hutuna a rumfar jinya ta irin wannan tsere yake ƙarewa, ina wanke ƙafafu, ina auna zafin jiki, ina yanke hukuncin wanda zai ci gaba da wanda za a sa a mota. Da yake yanzu samarinmu masu karatu ko aiki a ƙasashen waje, har ma da na gida masu kallon abin a waya, sun fara aiko mini da tambaya game da yadda ake shiga, sai na ga ya wajaba in bayyana abin da rumfar nan ta sanar da ni, wato cewa mafi yawan waɗanda ake kwantarwa a gabana suna da ƙarfi isasshe, abin da ya kayar da su shi ne zaɓin da suka yi wata shida kafin ranar tashi.

Asalin abin daga ƙasar Niyu Zilan yake. A 1983 Robin Judkins ya shirya tseren Coast to Coast, wanda ake ƙetare tsibirin kudu na ƙasar daga teku zuwa teku, kilomita 243, da gudu da keke da kwale-kwale. A 1989 wani ɗan jaridar Faransa, Gérard Fusil, ya kai ayari-ayari wannan ƙasa ya kafa Raid Gauloises, wanda shi ne ya shimfiɗa ƙa'idar tafiyar kwanaki ba tsayawa. Mark Burnett ya kwaikwaye shi a Amurka da Eco-Challenge a 1995, ya kai shi Maroko a 1998, sa'an nan bayan dogon shiru aka farfaɗo da shi a Fiji a 2019 da ayari 66 a kan hanyar kilomita 671. Gasar duniya ta 2023 kuwa a Afirka ta Kudu aka yi ta, ayarin sojojin Suwidin ya ɗauki tuta. Waɗannan manyan sunaye su ne ke jan hankalin sabon shiga, kuma su ne nake roƙonsa ya kau da kai daga gare su tukuna.

Dalili kuwa shi ne tseren hawa-hawa ne. Akwai na sa'o'i shida, akwai na sa'o'i goma sha biyu, akwai na kwana ɗaya cur, akwai na kwana biyu, sa'an nan a kai ga na kwana biyar zuwa goma. A ganina babu wanda ya halatta ya biya kuɗin na kwanaki matuƙar bai gama na sa'o'i ashirin da huɗu ba, ya kuma sake gamawa, domin dare ne ke tona asirin mutum. Wanda ya iya karanta taswira da hantsi, cikinsa a ƙoshe, sau da yawa wajen ƙarfe uku na dare, bayan ya yi sa'o'i ashirin a tsaye, ya kan kasa bambanta kwari da tudu a takardar da ke hannunsa. Gara ya gano haka a wurin da mota za ta iya zuwa ta ɗauke shi.

Idan ka tsai da matakin da ya dace da kai, sai ka koma ga takardar masu shirya tseren, ka karanta ta kamar yadda alƙali ke karanta takardar gado. Nemi sanin likitoci nawa ne, kuma a waɗanne zanguna za su zauna. Ko kowane ayari na ɗauke da na'urar da ke nuna inda yake. Wane asibiti ne mafi kusa, da mota ake kai mutum ko da jirgi mai saukar ungulu, kuma wa zai biya. Ko akwai kogin da aka haramta shigarsa da dare. Ko an tanadi gajeriyar hanya ga ayarin da lokaci ya ƙure masa. Mafi muhimmanci duka shi ne jerin kayan da aka wajabta ɗauka. Sababbi su kan yi gunaguni idan suka ga jerin ya yi tsawo, ni kuwa gajeren jeri ne ke tsorata ni. A ranar 22 ga Mayu, 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka tashi gudun kilomita 100 a cikin duwatsu, ba a wajabta musu rigar tare iska ba, sai ga ruwa da ƙanƙara da iska mai tsanani, mutum 21 suka rasu saboda sanyi, a cikinsu har da gwanayen ƙasar. Ba na cewa kyakkyawan shiri na kawar da ƙaddara, domin a tseren Primal Quest na 2004 a jihar Washington ta Amurka dutse ya gangaro ya kashe Nigel Aylott, mutumin Ostareliya, wanda yana cikin ƙwararrun zamaninsa. Amma tawakkali yana zuwa ne bayan an yi sababi, kuma mai shirya tseren da ya ji haushin tambayoyinka ya riga ya ba ka amsa.

Sai mas'alar ruwa, wadda a nan ne mu 'yan tudu muka fi rauni. Samarinmu da yawa za su iya wuni suna tafiya a rana, su kuma hau keke kamar an haife su a kai, amma ba su taɓa riƙe filafili na sa'a guda ba, wasu ma ba su iya iyo ba, suna dogara ga rigar ceto. A dogon tsere zangon ruwa kaɗai ya kan ci wuni da kwana, kuma kwale-kwale ya kan kife, da dare, a ruwa mai sanyi, da jaka a baya. Saboda haka ka zaɓi tsere gwargwadon fannin da ka fi rauni a kai, ka kuma ba wannan fanni kaso mafi tsoka na horonka, ko da yake rai ya fi son maimaita abin da ya riga ya iya. Ruwan kansa kuma yana da nasa ciwon. A Eco-Challenge na shekarar 2000 a Sabah ta ƙasar Malesiya, 'yan tsere sun yi iyo a kogin Segama, da suka koma gidajensu sai zazzaɓi ya kama su. Masu bincike suka tuntuɓi 189 daga cikinsu suka tarar 80 na da alamun cutar leptospirosis, wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera da sauran dabbobi ya gurɓata, aka kwantar da 29 a asibiti. Wanda zai yi horo a dam ko kogi a ƙasashenmu kuwa ya san tsargiya na nan tana jira. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin wata guda bayan irin wannan tafiya, lalle ya gaya wa likita cewa ya shiga ruwa, kada a tsaya ga maganin cizon sauro kaɗai.

Sharaɗin manyan tseren shi ne mutum huɗu, a cikinsu aƙalla mace ɗaya, kada kuma wani ya yi wa wani nisan da ya wuce mita 100, idan kuwa ɗaya ya fita to sauran ukun sun fita daga lissafin gasa ko da sun kai ƙarshe. Ma'anar wannan ita ce saurin ayari saurin mai rauninsa ne, mai raunin kuma yana canzawa daga sa'a zuwa sa'a, har ƙaton da ya ja ɗan'uwansa da igiya a hawan keke da safe ya zama shi ake karɓar wa jaka da la'asar. Na sha ganin ayari ya shigo rumfata jikinsa lafiya lau, amma ba mai yi wa wani magana, da na bincika sai in tarar biyu sun zo neman lamba ne, biyu kuwa sun zo ne su ga ƙasa su gama lafiya, ba su kuma taɓa zama sun faɗa wa juna haka ba. Ku zauna tun kafin a biya ko sisi, ku yi ittifaƙi a kan manufa, da wanda zai zama madugu, da wanda zai riƙe taswira, da mai maye gurbinsa idan idonsa ya rufe, da kuma abin da za a yi idan wani ya ce ya gaji. Wanda sha'anin cuɗanyar maza da mata ya dame shi, kuma haƙƙinsa ne ya dame shi, sai ya nemi matarsa ko 'yar'uwarsa ta shiga ayarin, ko ya nemi ƙananan tseren da ke da rukunin maza zalla da na mata zalla.

Mai riƙe taswira ya sani ba a yarda da waya ko wata na'ura mai nuna hanya ba. A taswirar da ma'auninta yake ɗaya bisa 50,000, santimita biyu kilomita ɗaya ne, kuma tsohon ƙiyasin William Naismith na 1892 har gobe yana aiki: sa'a guda ga kowace kilomita biyar, a ƙara sa'a guda ga kowace mita 600 ta hawa, sa'an nan mai hankali ya ƙara wa lissafin nan nauyin jaka da duhu da gajiya. Ya kuma tuna arewar kamfas da arewar taswira ba ɗaya ba ne; a ƙasashenmu bambancin kaɗan ne ƙwarai, amma a Niyu Zilan ya haura digiri 20, kuma kamfas ɗin da aka ƙera domin arewacin duniya allurarsa ta kan karkata ta maƙale a kudanci.

Yanzu bari in zo ga abin da hannuna ya fi taɓawa, wato ƙafa. Ƙafar da ta kwana uku a jiƙe cikin takalmi fatarta kan yi fari ta yamutse, ta tattare, sa'an nan ta tsage, bororo kuma ya fito a ƙarƙashin kanta inda allura ba ta isa gare shi da sauƙi. Mutanenmu su kan yi alfahari da kaurin tafin ƙafa, suna zaton garkuwa ce, alhali kanta mai kauri da faso su ne mafi wuyar jinya a wurina. A goge kanta a hankali makonni kafin tsere, a riƙa shafa mai, a yanke farce. A sayi takalmi mai ɗan yalwa, domin ƙafa tana kumbura bayan kwana biyu, a kuma tsufar da shi a horo. Sabon takalmi ranar tashi ganganci ne tsantsa. A duk zangon da aka sauya kaya a cire takalmi, a shanya ƙafa ko da na minti goma ne, a sa busasshiyar safa. Da zarar ka ji wani wuri ya ɗauki zafi, tsaya ka manna filasta nan take, kada kunyar tsai da 'yan'uwanka ta hana ka, gama minti biyar ɗin da ka yi rowa a yau su ne za su zama kwana guda na ɗingishi jibi.

Sha da ci ma suna da nasu fiƙihun. Kowa ya san illar ƙishirwa, kaɗan ne suka san illar yawan shan ruwa, wanda ke tsinka gishirin jini har ma'auninsa a gwajin jini ya sauka ƙasa da 135, mutum ya kama amai da ciwon kai da ruɗewa, wanda bai sani ba ya ƙara ɗura masa ruwa ya ƙarasa shi. A binciken da aka yi wa masu gudun fanfalaki na birnin Boston na 2002, kashi 13 cikin ɗari na mutum 488 da aka auna sun faɗa wannan hali. Sha gwargwadon ƙishi, ka haɗa da abinci mai gishiri, ka kuma saba wa cikinka tun a horo da abin da za ka ci a tafe. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kilishi ba su gaza kayan leda masu tsada ba, in dai hukumar ƙasar da za ka ta yarda a shiga da su, domin wasu ƙasashe suna hana shigo da nama da tsaba. Abin da na fi jan kunne a kai shi ne ƙwayoyin kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda aka saba saye a kemis ba tare da takarda ba: idan suka haɗu da ƙarancin ruwa da naman jikin da ya daku, ƙoda ce ke biyan bashin. Fitsarin da ya koma kalar shayi alama ce ta tsayawa, babu jayayya. Tramadol kuwa, ban da sharrinsa da muka sani, hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024.

Barci a tsara shi kamar yadda ake tsara guzuri. Daga dare na biyu ido kan fara ƙirƙiro abin da babu, mutum ya ga gida a inda kututture yake, ya yi gyangyaɗi a kan keke yana gangara. Sa'o'i biyu na barci kafin asuba sun fi sa'o'i shida na ɗimuwa a hanyar da ba ita ba. Mai zuwa ƙasar sanyi ya sani rawar ɗari gargaɗi ce, amma wanda ya daina rawar ɗari yana maganar da ba ta da kai, wannan ya shiga hatsari. Mai zuwa ƙasar zafi daga Turai kuwa jikinsa na bukatar kwana goma zuwa goma sha huɗu kafin ya saba. Salla ba ta faɗuwa saboda tsere, shari'a kuwa ta yi wa matafiyi rangwamen ƙasaru da haɗa salloli da taimama, sai ka nemi fatawar malaminka tun a gida, ka sanar da abokan tafiyarka lokutan da za ka tsaya, ka kuma duba kada ranar tseren ta faɗa cikin watan Ramadan.

Abu na ƙarshe ya shafe mu fiye da yawancin waɗanda za ka tarar a can. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya yana ɗauke da jinin AS, galibi ba tare da wata damuwa ba, har wasu ba su ma san suna da shi ba; amma wahala mai tsanani da ƙishirwa da zafi, ko hawan dutse mai tsawo inda iska ta yi ƙaranci, suna iya jawo wa mai shi rugujewar naman jiki ko ciwon saifa. Wannan bai hana shi tsere ba, sai dai ya wajabta masa sani da kiyayewa. Je ka a gwada jininka, a duba zuciya da hawan jini da ƙoda, ka sabunta allurar tetanus, ka riƙe katin allurar shawara, ka sayi inshorar da ta ambaci irin wannan wasa da sunansa. Idan aka miƙo maka takardar bayanin lafiya, rubuta AS ɗin, da asma, da duk maganin da kake sha, domin likitan da zai karɓe ka a rumfa da tsakar dare, wataƙila ba ka iya magana, wannan takarda kaɗai ce a hannunsa.