Jigon So da Laifi a Wasan Phèdre na Racine

A shekarar 1677 aka fara nuna wasan Phèdre na Jean Racine a birnin Paris. Phèdre matar Sarki Thésée ce, son ɗan mijinta Hippolyte ya kama ta, alhali ta san haramun ne. Da mai renonta ta yi wa saurayin ƙazafi, sai ta yi gum. Sarki ya roƙi Neptune, abin bautarsu na teku, ya halaka ɗansa, aka kuwa amsa masa. Hippolyte bai ci nanin ba, nanin ta ci shi.

Racine ya tashi a hannun malaman Port-Royal, masu koyar da cewa ɗan Adam ba ya kuɓuta sai da rahamar Allah. Wataƙila shi ya sa Phèdre ta fi kama da majinyaciya bisa ga muguwa. Ta sha guba, sannan ta wanke Hippolyte gaban ubansa, bayan yaron ya riga ya mutu.