Kusanto da Murya Ya Fi Ɗaga Ta

 'Ya'yana, da yawanku kun yi abin da ya kamace ku. Kun lura Baba ya fara yawan cewa "Na'am? Me ka ce?", ko Inna ta daina amsa sallama sai in a gabanta aka yi, kuka kai su asibiti aka auna kunne, kuka haɗa kuɗi kuka sayo na'urar taimakon ji. Kuɗin ba kaɗan ba ne, Allah ya saka muku da alheri. Sai dai bayan 'yan watanni, a gidaje da dama, akan tarar da na'urar a ƙarƙashin matashi ko a cikin kwano, tsoho yana cewa hayaniya kawai take tara masa. Ranku ya sosu, kuna ganin rigimar tsufa ce. Ku yi masa uzuri. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma akwai maganin abin.

Na'urar ji tana da ƙaramin makirfo mai ɗaukar sauti, da sashen da ke gyara sautin ya ƙara masa ƙarfi daidai da raunin kunnen mai ita, da 'yar lasifika mai zuba shi cikin kunne. Duk waɗannan a jikin kunne suke, don haka abin da ya iso kunnen shi kaɗai take iya sarrafawa. Murya kuwa tana raguwa da tafiya. A fili, duk sanda tazarar da ke tsakanin mai magana da mai saurare ta ninka, ƙarfin muryar yakan sauka da kimanin desibel 6. Shi ya sa na'urar ta fi aiki idan mai magana bai wuce mita 2 ba, kuma yana fuskantar mai sauraro. Da ya wuce nan, muryarsa za ta iso a raunane, tare da ƙarar janareta, da fanka, da kukan yara, da babur ɗin da ke wucewa, ga amsa-kuwwar ɗakin siminti. Na'urar ta haɗa su duka ta ƙara musu ƙarfi.

Ga kuma wani abu. Raunin ji na tsufa yakan fara cinye siraran sautuka ne, irin su s da sh da f da ts, waɗanda su ne ke bambance kalma da kalma. Wannan ne dalilin da tsoho zai ce yana jin ana magana amma bai gane abin da ake faɗa ba. In kun yi masa ihu, kun ƙara masa abin da dama yake ji, abin da ya rasa kuwa yana nan a rashe, ga ɓacin ran cewa ɗansa na cikinsa yana daka masa tsawa. Abin da yake buƙata shi ne a kusanto masa da muryar, a raba ta da hayaniya.

Wannan aikin ne masu ƙera na'urorin ji suka yi wa wani ɗan ƙaramin mahaɗi, wanda bai kai girman kwalin ashana biyu ba. Yana ɗaukar sauti daga inda yake fitowa, ya aika da shi kai tsaye cikin na'urar kunne ba tare da igiya ba. Muryar ba ta ratsa ɗaki ba, balle ta raunana ko ta cakuɗe. Iri uku ne suka fi shafar rayuwarmu.

Na farko shi ne na waya. Mai raunin ji yana shan wuya da waya fiye da yadda kuke zato: ba ya ganin leɓen mai magana, kunne ɗaya kawai yake amfani da shi, kuma in ya kara wayar a kan na'urar sai ta yi ta fito. Mahaɗin waya ana rataya shi a wuya ko a maƙala shi a gaban riga. Waya tana aika masa sauti ta Bluetooth, shi kuma ya miƙa wa kunnuwan biyu a lokaci guda, sannan makirfon da ke jikinsa ya ɗauki muryar tsohon ya mayar wa wanda ya kira. Kamfanin Phonak ya ƙera ComPilot, Oticon yana da ConnectClip, ReSound yana da Phone Clip+, Signia kuma yana da StreamLine Mic. Ta nan Inna za ta ji saƙon muryar 'yarta da ke aure a nesa ta WhatsApp ba sai an maimaita mata ba, Baba kuma ya saurari ƙira'a ko labaran safe shi da kansa. Wasu ma suna da ramin da ake soka igiyar iyafis, yadda za a jona su da rediyon da ya saba da shi shekara da shekaru. Abu biyu za ku kiyaye. Irin wanda ake ratayawa kamar ComPilot, igiyar wuyan ita ce eriyarsa, in aka cire aka jefa shi a aljihu ba zai yi aiki ba. Sannan in babbar riga ko hijabi ya rufe makirfon, wanda ya kira zai ji murya a toshe da ƙarar gogar yadi, don haka a fito da shi waje lokacin magana.

Sababbin na'urori da yawa ba sa buƙatar wannan mahaɗin don amsa waya. Tun 2014, da ReSound ya fito da LiNX, aka sami na'urar ji mai haɗuwa da iPhone kai tsaye, kuma a 2019 Google ya buɗe irin wannan hanyar a Android 10. Amma ba kowace wayar Android ce ke da wannan damar ba, balle ƙaramar waya mai maɓallai da yawancin iyayenmu suka fi sabo da ita. A nan mahaɗi yake da ranarsa, domin galibi yana karɓar kowace waya mai Bluetooth. Akwai kuma wata sabuwar fasaha da aka raɗa wa suna Auracast a 2022, wadda za ta ba lasifikar zauren taro ko filin jirgi damar aika sauti ga duk na'urar da ke wurin mai iya karɓarta. Tana yaɗuwa a hankali, kuma ya dace mai sayen sabuwar na'ura ya tambaya ko tana karɓarta.

Na biyu shi ne na talabijin. Kun san yadda ake yi a falo: Baba ya ƙure murya har maƙwabta su ji, kowa ya tashi ya bar masa ɗakin, ko kuma a rage, shi ya zauna yana kallon bakuna suna motsi. Ɗan akwatin talabijin ana jona shi ne a bayan talabijin, a mafitar sauti, ya riƙa aikawa zuwa kunnensa daga tazarar da kan kai mita 15 in babu bango a tsakani. Shi ya daidaita ƙarfin da ya yi masa, ku kuma ku bar naku yadda kuke so, a zauna tare. Ku sani wasu talabijin ɗin sukan kashe lasifikarsu da zarar an soka igiya a ramin iyafis, don haka an fi so a yi amfani da mafitar sauti mai jan haske. Kada kuma ku sayi kowane ɗan Bluetooth na kasuwa ku ce zai wadatar. Sau da yawa ba zai haɗu da na'urar ba, in ma ya haɗu, sautinsa yakan makara, baki ya motsa kafin magana ta iso, mai dogara da kallon leɓe kuwa wannan ruɗa shi yake yi.

Na uku, wanda ni a ganina ya fi duka daraja, shi ne makirfon da mai magana yake maƙalawa a wuyan rigarsa, kimanin taƙi ɗaya daga bakinsa. Roger na Phonak da Multi Mic na ReSound irinsa ne, kuma na biyun yana iya kai murya har mita 25 in ana ganin juna. A mota, in kana tuƙi Baba yana baya, maƙala shi a rigarka ku yi hira har ku isa. A gaban likita, a roƙi likitan ya maƙala, domin tsoho ya ji bayanin ciwonsa da kunnensa, ba sai an koma gida an ba shi labari ba. A wurin karatu ko tafsirin azumi, a nemi izinin malam cikin ladabi a ajiye shi kusa da shi. Yaro mai raunin ji a aji ma haka ne: in malaminsa ya yarda ya sa, yaron zai ji darasi ko da malamin ya juya yana rubutu a allo.

Kafin ku fitar da kuɗi, ku koma inda aka auna kunnen. Galibi mahaɗin kowane kamfani da na'urar kamfaninsa kawai yake aiki, kuma ko a kamfani ɗaya, tsohon samfuri ba lallai ya karɓi sabon mahaɗi ba. Akwai ƙananan na'urorin da ke shigewa can cikin kunne waɗanda ba su da wurin karɓar sauti ta iska gaba ɗaya. In ɗan'uwa ne zai aiko daga waje, ku ɗauki hoton sunan na'urar da lambar samfurinta ku tura masa. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, nan ne ake samun masu wannan sanin. A duba ko dattin kunne ya toshe hanya, a sake gwajin ji in an daɗe ba a yi ba, sannan a haɗa na'urorin a gabanku ku ga yadda ake yi.

Kulawa kuma tana da nata haƙƙin. Karɓar sauti ta iska yana cin batir fiye da sauraro na yau da kullum, saboda haka kada ku ce na'urar ta lalace don batir ya ƙare da wuri. Baturan suna da launi a takardar da ke manne da su: mai lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ku riƙe launin na tsohonku. Da iska suke aiki, don haka in an ɓare takardar a ɗan jira kamar minti ɗaya kafin a sa. A nisanta su daga jikoki, domin haɗiye irin wannan batir haɗari ne da ke buƙatar asibiti nan take. Mahaɗin kansa a sa shi caji kowane dare, kuma a gidan da wuta ba ta tsayawa a tanadi fawa banki ko ɗan sola. A cire na'urar kafin alwala, a bar kunne da hannu su bushe kafin a mayar. A goge gumi da ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle, kada kuma a bar ta a gaban mota cikin rana.

Wajen koyarwa ne nake roƙonku haƙuri na musamman. Ku yaran yanzu yatsunku sun riga tunaninku sauri, kuna fizge abu ku danna ku miƙa. Wanda aka yi wa haka bai koyi komai ba sai jin cewa ya zama nauyi. Ku koya masa abu ɗaya a mako, a fara da amsa kira. Shi zai danna da hannunsa, ku kuna gefe. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru ba ta ji wasu sautuka ba tana buƙatar makonni kafin ta saba da dawowarsu. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma amana. Makirfon da ke rigarka yana nan yana aiki ko ka fita daga ɗakin, kuma duk abin da ka faɗa a tsakar gida yana shiga kunnen mahaifinka. Ka kashe shi in kun gama. Ku kuma 'yan'uwana dattawa, kada ɗayanmu ya bar shi a ɗaki don ya ji abin da ake faɗa a bayansa. Kayan da aka yi domin kusanta zukata bai kamata ya zama kayan leƙen asiri ba, kuma duk wanda za a ajiye shi a gabansa, a gaya masa ko mene ne. In za ku tsallaka titi ko ku shiga kasuwa, ku tsayar da abin da kuke saurare, domin kunne ya ji hon da kiran mutane. Kada kuma kunya ta hana ku maƙala shi a bainar jama'a. Ba wanda ke jin kunyar tabarau, kunne ma gaɓa ce da ke gajiya kamar ido. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021, ta ce mutum sama da biliyan 1.5 ne ke da wani mataki na raunin ji, miliyan 430 daga ciki suna buƙatar taimako. Jarrabawa ce da ta game duniya.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ku sayo kayan nan ku ɗauka kun sauke nauyi, tsoho ya shige ɗaki da rediyo a kunne, ku kuma kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Raunin ji yana janye mutum daga jama'a a hankali: ya daina zuwa majalisa, ya daina sa baki a shawarar gida, a riƙa yanke magana ba da shi ba. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet, a 2020, ya lissafa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa waɗanda kuma ake iya magancewa. Amfanin mahaɗin nan shi ne ya dawo da mahaifinku cikin hira. Ku kira shi a waya tunda yanzu zai ji ku. Ku fuskance shi in za ku yi magana, ku yi ta a natse, mutum ɗaya bayan ɗaya. In an zauna shawarar aure ko ta gona, a ajiye makirfon a tsakiya, a jira ya faɗi tasa. Waɗannan mutanen sun saurari gwarancinku lokacin da ba wanda ke gane abin da kuke faɗa sai su. Yanzu lokacinku ne.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya amfanar da mu da jinmu da ganinmu muddin muna raye, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku fiye da abin da kuka yi. Amin.