Lawali mai tsire

Idan rana ta faɗi, yawancin mutane sun gama aikinsu. A lokacin ne Lawali yake fara nasa. Lawali mai tsire ne a bakin tashar mota ta Maradi.

Da la'asar yake sayo nama wurin mahauta. Ya yanyanka shi falle-falle, ya soke a tsinke, ya barbaɗa masa ƙuli-ƙuli da yaji. Bayan sallar magariba sai ya hura wuta a tukuba, ya kafa tsinkayen kewaye da ita, ya kunna fitila. Direbobi da matafiya su zo su saya, tsinke ɗaya dala 20.

Aikin yana da wuya. Hayaƙi yana shiga masa ido. Ran da aka yi ruwan sama babu ciniki, naman da ya kwana kuwa ya lalace, Lawali ya yi hasara.

Sai tsakar dare yake komawa gida. Da safe ɗansa Sani yakan ɗauki jakarsa a hankali ya tafi makaranta, don kada ya tashe shi.

Tambayoyi
1. Yaushe Lawali yake hura wuta?
2. Su wane ne kuma suke aikin dare a garinku?