Kada Na Da, Da Kada Na Yau

A ƙasar Nijar, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani wuri cikin hamadar Tenere da ake kira Gadufawa. Yau ba komai a wurin sai rairayi da duwatsu. Amma shekaru kamar miliyan 110 da suka wuce, manyan koguna ne ke gudana a can.

A shekarar 1964 wasu Faransawa masu neman ma'adinai suka tsinci ƙoƙon kan wata dabba a wurin, ya riga ya zama dutse. Masana suka duba, suka ga dangin kada ce. A 1966 suka sa mata suna Sarkosukus. A 1997 da 2000 wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, ya je da mutanensa suka haƙo ƙarin ƙasusuwa. Kan dabbar kaɗai ya kai mita ɗaya da rabi, kusan tsayin mutum. Tsawon jikinta ya kai mita 9, wato ƙafa 30. A kogin Kwara ko Binuwai kuwa, kada mai mita 5 ya cika ƙato.

Wancan ya ƙare, amma na yau yana nan, kuma mutanen bakin kogi ya kamata su san halinsa.

Idanun kada da hancinsa da kunnuwansa duk a saman kai suke. Shi ya sa yake nutse jikinsa, yana kallon gaɓa, ba a ganinsa. Jininsa ba ya ɗumi da kansa, sai ya fito ya sha hantsi. In zafi ya yi yawa, ya buɗe baki ya huce. In haƙori ya faɗi, wani ya fito.

Kada yana lura. Mai wanki ko makiyayi da ke zuwa mashaya ɗaya a lokaci ɗaya kullum, shi yake yi wa kwanto, musamman da almuru da asuba. Gara a riƙa sauya wuri, a ɗebi ruwa a yi nesa da baki. Yara kuma kada a bar su su kaɗai.

Macen tana binne ƙwai a yashi, sau da yawa fiye da 40, ta yi gadinsu wajen wata uku. Zafin yashin ne ke sa su fito maza ko mata. In sun kusa ƙyanƙyashewa sukan yi kuka daga ƙasa, uwar ta tono su, ta kai su ruwa cikin bakinta. Wanda ya ji irin wannan kukan a bakin kogi, to uwar tana kusa, ya bar wurin nan da nan.